Wandon da Ake Gwadawa a Zaune

"Wannan ba wando ba ne, rariya ce," in ji Malam Da'u. Ya ɗaga jins ɗin ya kara shi da hasken da ke shigowa ta ƙofar zaure, ya kanne ido ɗaya yana leƙe ta cikin yadin. "Ga darbejiyar ƙofar gidanka can ina gani ta cikinsa, har da akuyar da ke ɗaure."

Bala mai gwanjo ya karɓi kayansa ya jefa a kan sauran. Wannan ne na tara. Tun hantsi ya kwance ƙullinsa a zauren nan, kuma babu wandon da ya tsira daga bakin maƙwabcin nasa.

"Akuyar nan an kwance ta tun ɗazu. Idonka ne ya fara ƙarya."

"Ƙafata ce ta ruɓe, ba idona ba. Miƙo wancan baƙin."

Ya miƙa masa. Da'u ya ja yadin da hannu biyu, ya miƙe, ya sake shi ya koma. "Mai roba ne. Na samarin da ke yawon majalisa. In mutum ya faɗi da wannan a burji, kafin ya ce Bismillahi wandon ya gudu ya bar shi da fatarsa."

Duk mai hawa babur tsakanin Ajingi da Gaya ya san Da'u. Shekara talatin da wani abu yana kan hanyar nan, da buhun gyaɗa, da mai naƙuda, da amarya, har da rago a ɗaure a gaba. Ya faɗi sau ba adadi, ya tashi ya kakkaɓe, don tun da wuri ya gane cewa mai babur ba ya hawa da wandon yadi. Jins mai kauri yake sawa, mutane na dariya suna cewa tsoho ya ƙi tsufa. Amma ba faɗuwa ce ta kwantar da shi ba. A daminar bara, wajen Toranke, tayar gaba ta zame a laka, ya sa ƙafa ya tare, salansar babur, bututun hayaƙin nan mai zafi, ta taɓa shi a saman idon sawu. Ƙuna ce kamar faɗin kwabo. Ga mai ciwon suga kuwa, kwabon nan ya isa. Ta zama gyambo, gyambon ya hau ƙwauri. Aka je asibiti a Kano, aka ce a yanke, aka jinkirta, da aka koma likita ya ce ciwon ya riga ya shiga jini. Da'u ya ce to a mayar da shi zaurensa.

Abin da ke cin Bala a rai, wanda bai taɓa furtawa ba sai ranar nan, shi ne wandon da ke jikin Da'u a Toranke daga ƙullinsa ya fito.

"Da'u, wandon nan ni na sayar maka."

"Na sani. Wa ya gwada?"

"Kai."

"Ta yaya?"

Bala ya kai hannu ya taɓa wuyansa. Yadda kowa ke gwada wando a kasuwar Ajingi ne: ka kama ƙugun ka zagaya shi a wuyanka, in bakin ya haɗu a ƙeya, ya yi maka. Tsawo kuma ka kara shi a jikinka kana tsaye, in ya taɓa bayan ƙafa, shi ke nan.

"To ka gani," in ji Da'u. "Wuyana ya ce ya yi. Amma wuya ba ya zama kusa da salansa. Kana hawa ka lanƙwasa gwiwa, wando ya haye sama yatsa huɗu ya bar ka tsirara a daidai wurin wuta. Shekara talatin ban lura ba, sai da na zauna a nan ina kallon ƙafar. Bar maganar laifi, ba ni da lokacinta. Wando nake so na malamin gona."

Malamin gona shi ne ɗansa na fari, Abdulmuttalib, wanda kunyar ɗan fari ta hana Da'u kiran sunansa tun yana goye. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, ma'aikacin ƙaramar hukuma, yana zaga ƙauyuka yana duba gonaki. Tun da uban ya kwanta, babur ɗin ya koma hannunsa. Kullum da safe sai ya fito cikin farin yadi mai santsi, an goge shi har yana ƙyalli, bakin rigar na kaɗawa kusa da tayar baya. Da'u yana jin tashin babur ɗin daga zaure, sai ya juya fuska bango.

Suna cikin haka sai ga Abdulmuttalib ya shigo cin abincin rana. Ya durƙusa ya gaida uban, ya gaida Bala, ya dubi tarin wanduna ya gane zancen.

"Baba, mun fa yi maganar nan. In na shiga Kademi da jins, wane dagaci ne zai saurare ni? Cewa za a yi ɗan acaɓa ya zo koya musu noma."

"Ɗan acaɓan ne ya kai ka makarantar da ka koyo noman."

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"Na san abin da kake nufi. Sa rigarka a sama, ka sa hularka, ka yafa alkyabba ma in kana so. Dagaci fuskarka yake kallo. Hanya ce ke kallon ƙafarka."

Abdulmuttalib ya sunkuyar da kai. "Zafi ke gare shi. Ga nauyi."

Da'u ya miƙa hannu. Ya kama bakin zanen da aka rufe ƙafarsa da shi, ya yaye. Ba ya yarda kowa ya gani sai matarsa Rekiya mai wanke masa. Warin ya cika zauren. Bala, da ya ga abubuwa da yawa a duniya, sai da ya kau da kai. Ɗan ya kalli ƙafar, ya daɗe yana kallo.

"In an samu mai kyau, zan sa," ya ce a hankali, ya shige cikin gida.

Da'u ya mayar da zanen. "Ka ji da kunnenka, Bala. Saura naka. Kuma kada ka ɗauki sati, ban yi maka alkawarin sati ba."

Washegari Bala ya bi motar farko zuwa Kano. Ya shekara arba'in yana sarin gwanjo, ya san wanda ke ɓoye kayan kirki a ƙarƙashin tebur. Ya sa aka fasa masa sabuwar dilar gwanjo a gabansa, ya zauna a ƙasa yana yin duk abin da ya ga Da'u na yi. Ya kara da rana. Ya ja ya ga ko zai miƙe. Ya juya ciki ya bi ɗinkin cinya da farce, in layi ɗaya ne ya jefar, sai mai layi biyu ko uku. Ya goga gwiwar a gefen dakalin siminti har mai kayan ya fara ƙorafi.

"Baba, saye za ka yi ko wanki?"

"Hanya ma haka za ta yi masa, kuma ba za ta nemi izininka ba."

Sai wajen azahar ya same shi. Shuɗi ne mai duhu, nauyinsa kamar tamfal, an ninka yadin biyu a gwiwa da mazaunai, irin na masu aikin ƙarfe a ƙasashen sanyi. Ya kara shi da rana, ko ɗigon haske bai wuce ba. Hannunsa har ya kai ƙugun wandon wuyansa don sabo, sai ya tuna, ya sauke.

Da la'asar sakaliya ya iso Ajingi. Ya tarar an mayar da Da'u ɗakin Rekiya, jikin ya yi tsanani, ko kunu bai sha ba tun safe. Amma da aka ɗora masa wandon a ƙirji, yatsunsa suka fara aiki da kansu. Ya murza, ya laluba ɗinkin, ya matsa gwiwar.

"Wannan wando ne," ya ce. "A shigo da babur."

"Cikin gida?" in ji Rekiya.

"Har ƙofar ɗakin nan."

Abdulmuttalib ya turo babur ɗin ta zaure, ya ratsa tsakanin turmi da randa, ya kafe shi a ƙofar ɗaki. Ya shiga ya sa wandon ya fito, farar rigarsa a sama. A tsaye, ƙafar wandon har tana shafar takalminsa.

"Ya yi, Baba. Har ya so ya yi yawa."

"Hau."

Ya hau, ya ɗora ƙafafu a mataka. Bala ya tallafo kan Da'u don ya gani. Wandon ya haye. Ba da yawa ba, amma ga fatar idon sawu nan a fili, tazarar yatsa biyu, daidai saitin salansa.

Bala ya mayar da kan Da'u kan filo. "Gobe in koma Kano."

"Ba ka da gobe a wurina. Rekiya, duba kalmasar ƙafar."

Rekiya ta durƙusa ta juya bakin wandon. An kalmashe shi da faɗi, ninki biyu. Ta auna da yatsunta. "Akwai uku a ciki, Malam. In na farke, biyu za su fito, in kama da ɗaya."

"To farke. Kai kuma malamin gona, in ta gama a zaune za ka sake gwadawa. Duk wandon da za ka saya har ka tsufa, a zaune."

"To, Baba."

"Bala, kai ma ka daina sa mutane suna shaƙe kansu da wando a kasuwa."

Bala ya yi dariya, idonsa na ruwa. "In kai babur rumfata ke nan?"

"Benci ma ya isa. Rowa ce ta hana ka saye."

Da safe Rekiya ta zauna a bakin ƙofa inda haske yake, da reza da allura. Yadin ya yi mata tauri, sai da ta riƙa tura allurar da bayan cokali. Bala na zaune a gefen gadon yana yi wa abokinsa fifita. Da'u ba ya magana sosai, amma idonsa na kan hannunta. Ta gama ƙafa ɗaya ta ɗaga masa, ya gyaɗa kai. Tana tsakiyar ta biyu numfashinsa ya canza. Bala ya matso ya yi ta maimaita kalmar shahada a kusa da kunnensa, leɓɓansa suka bi. Kafin rana ta take, Malam Da'u ya cika.

Aka yi masa sutura bayan azahar. Masu babur suka zo daga Gaya, daga Toranke, daga Kademi, suka jera mashinansu tun daga ƙofar gida har bakin titi, babu wanda ya tayar da nasa sai da aka dawo daga maƙabarta. Rekiya kuwa, a kwana na biyu, mata cike da ɗaki, ta jawo wandon daga ƙarƙashin filo ta ƙarasa ƙafar da ta rage. Wata ta ce mai takaba da ɗinki? Ta ce aikin Malam ne, ba nata ba.

Kwana takwas bayan rasuwar, Bala yana ƙarƙashin darbejiyarsa yana ɗaure ƙullin kasuwa, da wani guntun benci da ya aro a gefe, sai ya ji an tayar da babur a gidan Da'u. Abdulmuttalib ya fito da farar riga da hula, ya tattare bakin rigar ya zauna a kai, ya tsaya ya gaishe shi.

"Kawu, za ni Kademi."

"Allah ya tsare hanya."

Ya ɗora ƙafa a mataki. Wandon ya haye, ya tsaya a kan bakin takalmi, babu fata ko kaɗan. A daidai inda tsohuwar kalmasa take, wani farin layi ya zagaye ƙafar wandon, ƙasa da shi kuma yatsa biyu na yadi mai duhu da bai taɓa ganin rana ba, da ɗinkin Rekiya a karkace. Bala ya bi farin layin da ido har babur ɗin ya sha kwana wajen masallaci.