Yatsun Saithong

Ƙarfe biyu na rana ta gota, baƙo na biyar ke nan a ƙarƙashin hannun Saithong, kuma ko loma ɗaya ba ta kai bakinta ba tun safe. Wani ƙaton Bature ne mai faɗin baya kamar ƙyaure, ya kifa ciki a kan katifa yana ta gurnani. Kalma ɗaya tak ya iya da harshensu, ita yake nanatawa.

"Ƙara! Ƙara!"

Ta ƙara. Ba don ba ta san ƙa'ida ba. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu mahaifiyarta ta koya mata cewa mai tausa ba da yatsa take danna mutum ba, miƙe hannu take yi ta saki nauyin jikinta ya yi aikin, in nama ya yi tauri kuma ta sa gwiwar hannu ko diddige. To amma tun da Madam Wipha, mai gidan tausar, ta raba kowane ɗaki biyu da labule don ta ƙara katifu, babu wurin da mutum zai durƙusa ya daidaita. A karkace take aiki, kafaɗa ɗaya manne da bango, dukkan ƙarfin yana ƙarewa a kan manyan yatsunta biyu.

Wani abu kamar wutar lantarki ya tsarga mata daga gindin yatsa har kafaɗa. Ta cije leɓe, ta dubi agogon bango. Saura minti goma sha biyu.

Da mutumin ya fita ta nufi famfon baya da sauri. Al'adarta ce bayan kowane baƙo ta wanke hannu da ruwan sanyi har gwiwa, ta tsaya ba takalmi a kan ƙasa, ta ja numfashi sau bakwai, don gajiya da ɓacin ran da ta kwaso a jikin wani su sauka. Ƙasar ma yanzu babu ita, an shafe tsakar gidan da siminti ana ajiye babura. Ko famfon ba ta gama murɗawa ba ta ji muryar Madam.

"Lamba takwas! Ina lamba takwas? In ba ta kusa a ba tara!"

Takwas lambarta ce. Wadda aka tsallake sai ta koma ƙarshen layi, kuma a gidan nan ba a biyan mutum sai a kan baƙon da ya taɓa.

Bualoi, abokiyar aikinta, tana tsugune a bakin ƙofa tana cusa shinkafa mai danƙo a baki kamar wadda ake kora.

"Yaya Thong, har yanzu kina nan da wankan tsarkin naki? Mu tuni muka bar wa sufaye." Ta zaro 'yar leda daga ƙugunta, ƙwayoyi biyar a ciki, ja da rawaya da fari. "Ungo. Na shagon tsohuwar nan ne ta bayan kasuwa. Ki haɗiye, ko giwa aka kawo miki sai kin tausa ta."

"Na sha ɗaya da safe."

"To ta safe ta san da zaman ta rana ne?"

Saithong ta karɓa. Ta watsa su a baki ba ruwa, ta ruga ciki.

*

Gidansu yana can bayan garin Chiang Mai, mutum uku ne a ciki: ita, da mahaifiyarta Prakong, da 'yarta Kanda mai shekara goma sha bakwai. Uban yarinyar ya tafi aikin gini a ƙetare shekara shida da suka wuce, tun ana jin muryarsa har aka daina.

Washegari da safe Saithong ta ɗauki kofin shayi, ya sulale daga hannunta ya tarwatse a ƙasa. Ba ta ma ji lokacin da ya fita ba.

Tsohuwar tana zaune a kan tabarma, hannayenta a cinya, yatsun duk sun karkace kamar saiwar citta. Shekara talatin ta yi tana tausa a rumfar haikali kafin su zama haka.

"Zo nan. Miƙo hannun."

"Inna, zan makara."

"Na ce miƙo." Ta ɗora bayan hannunta a kan tsintsiyar hannun 'yarta, ta daɗe tana ji. "Ya yi zafi, ya kumbura. Mutum nawa kike yi a yini?"

"Lokacin baƙi ne."

"Nawa?"

"Takwas. Wani lokacin tara."

Prakong ta ja tsaki. "Ni da nake yin huɗu, ina miƙe jiki kowace asuba, ina jiƙa hannu a ruwan ɗumi, dubi inda na ƙare. Ga fuskarki nan ta yi suntum kamar wata. Kin fara shan ƙwayoyin nan, ko?"

Saithong ta sunkuya tana tattara fasassun kofin da gefen tafin hannu.

Kanda ta fito da kayan makaranta, ta karɓe tsintsiya. "Mama, ki huta ko na sati ɗaya ne mana. Ni zan iya zuwa in riƙe miki layi bayan an tashi. Ai Kaka ta koya mini."

"Kul na sake jin wannan maganar!" Muryarta ta fita da ƙarfin da ba ta yi niyya ba. "Saura wata huɗu ki yi jarrabawa. Makarantar jinya za ki, kin ji ko? Hannunki allura zai riƙe, ba ƙafar wani ba."

A kan babur, duk hanya, yatsunta na ta yi mata yam-yam kamar tururuwa na yawo a ciki. Ta riƙa yarfe hannun a kowace danja. Wata huɗu kawai, ta ce a ranta. Wata huɗu.

*

Ranar Asabar gidan ya cika har ana jira a waje. Baƙuwarta ta shida wata mata ce 'yar Bangkok, mai gwal a wuya, ta ce da ƙunshin ganye take so, wanda ake turarawa da citta da kurkum da kafur a riƙa dannawa a jiki.

Saithong ta buɗe tukunyar turare, ta ɗauko ƙunshin. Ƙa'ida ita ce a gwada shi a cikin damtse, inda fata ke da laushi. Amma Madam na leƙowa ta labule tana nuna mata agogo, sai kawai ta taɓa shi da yatsu. Ta ji shi ɗumi-ɗumi. Ta ɗora a tsakiyar bayan matar ta danna.

Ƙarar da matar ta ƙwalla sai da ta tsayar da kowa a gidan. Ta wuntsilo daga katifa tana riƙe da tawul. A bayanta ga jan tabo nan zagayayye, fatar har ta fara tashi.

"Kashe ni za ki yi? Mahaukaciya ce kuka ba ni?"

Saithong ta tsaya da ƙunshin a hannu, tururi na tashi ta tsakanin yatsunta. Ta dube su. Sun yi jawur, kan manuniyar har ya ɗuri ruwa, ita kuwa ba ta jin komai. Wannan ya fi zagin matar tsorata ta.

Madam ta durƙusa tana ba da haƙuri, ta sa aka kawo ƙanƙara, ta kira mota. Sai da matar ta tafi sannan ta juyo.

"Shekara tara kina nan, Saithong, ban taɓa jin kanki ba. Me ya sa ba ki faɗa mini hannunki ya lalace ba?"

"Da na faɗa, Madam, da me za ki yi?"

Madam ta kau da kai. "Ki je gida. In kin warke ma yi magana."

Bualoi ce ta raka ta bakin titi, ba wasa a bakinta yau. Tana tafe tana murza nata babban yatsan a ɓoye cikin aljihu.

*

Likitar asibitin gunduma ta caccaka mata allura a kan yatsu ɗaya bayan ɗaya. Uku a dama, biyu a hagu, ba su amsa ba. Ta ce jijiyar tsintsiyar hannu ce ta matse tun da daɗewa, ƙwayoyin kuma sun rufe ciwon har ya yi nisa. Sai an yi aiki, sai an huta wata shida, kuma ko da hakan ba ta yi alkawarin komai zai dawo ba.

"Me ya hana ki zuwa da wuri?"

Saithong ta yi murmushin da bai kai ido ba.

Sati uku ta yi tana zagaye gida kamar kazar da za ta yi ƙwai. Ta je kasuwa neman aikin wanke-wanke, kwano ya kuɓuce mata a gaban mai rumfar. Ta gwada ɓare tafarnuwa, ta yanke ba ta sani ba sai da ta ga jini. Buhun shinkafa ya yi ƙasa, maganin tsohuwa ya ƙare. Ta lura Kanda ta fara dawowa a makare, gashinta na ƙamshin man tausa, amma ta kasa tambaya.

Wata ranar Lahadi da hantsi yarinyar ta shigo da ƙunshi a leda. Ta warware a kan tabarma. Riga ce da wando ruwan ƙasa, irin na ma'aikatan Madam Wipha.

"Ta ce in fara yini cikakke daga gobe. Ta bar mini lambarki. Na yi magana da malaminmu, ya ce zan iya rubuta jarrabawar baɗi." Ba ta ɗago ba. "Sun yi mini yawa, sai na rage."

Prakong ta juya fuska ga bango. Can ta ce, a hankali, "Ki riƙa miƙe gwiwar hannu. Kada ki yarda ki danna da yatsa."

"Na ji, Kaka."

Kanda ta zura zare a allura tashi ɗaya, ta ninke gefen rigar. "Mama, ɗan ja mini nan ya miƙe."

Saithong ta matso. Akwai maganar da ta taso mata tun daga ciki, ta zo har maƙogwaro. Ta kama bakin rigar da yatsu, ya zame. Ta sake kamawa, ya sake zamewa. Sai ta sunkuya ta cije shi da haƙora, ta ja baya har ƙyallen ya miƙe.

Haka ta zauna, rigar a bakinta, allurar tana shiga tana fita.