Ranar da Istifanus Ya Kankare Soro

Ƙarar kankara ce ta fito da Sa'adiyya daga madafi, ludayi a hannu, Nana goye a baya. Ƙarfe bakwai ba ta ƙarasa ba. Ta ɗauka akuyar maƙwabta ce ta sake shigowa soro tana goga ƙaho a bango, har ta tanadi abin da za ta gaya wa masu ita. Tana leƙawa, ludayin ya suɓuce mata.

Malam Istifanus ne a durƙushe. Ya ɗaure hanci da baki da ƙyalle, ya shimfiɗa leda a ƙasa, yana yayyafa wa bango ruwa yana bi da cokalin gini yana kankarewa. Bangon da ya yi wata biyu cur yana zanawa.

Soron nan ya girmi kowa a layin. Da mijinta Isyaku ya tashi gyara shi, sai aka haɗa shi da Istifanus, Bahaushe Kirista daga wani ƙauye a bayan Tudun Wada, wanda zanen gidaje ne sana'arsa. Da farko an yi 'yan maganganu a Yakasai. Da aiki ya fito kuwa, masu maganar ne suka fara kawo baƙinsu kallo. Dagi ne da furanni da tambari, shuɗi da ja, ga kuma wani ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido da ya zagaye bangon tun daga ƙasa. Labari ya kai Abuja, wasu masu haɗa littafi a kan zanen gidajen Kano suka sa rana za su zo ɗaukar hoto, a saka sunan mai aikin. Ranar ita ce yau, ƙarfe goma sha ɗaya.

"Innalillahi! Malam, lafiyarka kuwa?"

Bai daina ba. "Maman Nana, ja da baya. Kada ki shigo da yarinyar nan."

"Aikinka kake rusawa! Ka manta yau ce ranar?"

Sai a nan ya ajiye cokalin, ya juyo. Idanunsa sun yi ja.

"Ruwan ɗorawar nan guba ce," ya ce. "Akwai dalma a ciki. Buhu ɗaya muka raba da abokin aikina Mustafa. Ɗansa yana asibiti mako biyu, likitoci suka sa aka kai musu garin fentin da yake kwaɓawa a gida aka gwada. Jiya bayan mun taso daga coci ya kira ni." Ya dubi goyonta. "Ni kuma sau uku ina ganin Nana tana lasar gindin bangon nan."

Sa'adiyya ta dafa ƙyaure. Sau uku shi ya gani. Ita ba ta san adadi ba. Tunda yarinyar ta fara tafiya, da an saki ido sai soro, ta manna baki a bango. Ran Juma'a ma ta dawo da leɓe duk ruwan ɗorawa, Sa'adiyya ta yi dariya har ta ɗauke ta hoto ta tura wa yayarta. Ta tuna kwana huɗun nan da Nana ke ture kwanon abinci, da kukan da ba dalili, ita kuwa tana cewa haƙori ne. Ta kwance goyon, ta buɗe bakin yarinyar tana dubawa, alhali ba ta san me take nema ba.

"Wai wane ne ke mana ɓarna da sassafe?"

Hajiya 'Yardada ce, uwar mijinta, ta fito da carbi a hannu. Ta dubi bango, ta dubi ledar da ta cika da ɓarɓashi, ta saki salati mai tsawo.

"Sitifanu! Aljanu ne suka buge ka? Na sa a toya wa baƙi masa ta mutum talatin!"

"Hajiya, ina kwana. Ki yi haƙuri, fentin ne..."

"Ko gicciyen naku ka ɓoye a ciki, ka ji masu ilimi za su zo shi ne kake gogewa? Dama Malam Garba na layin nan ya ce dagin can bai yarda da shi ba."

"Hajiya, dagin nan a jikin zanen gadon aurenki na kwafo shi. Ke kika ba ni."

Hajiya ta kawar da kai. "To, ban ce ba," in ji ta. Sa'adiyya ta yi mata bayani a gurguje. Tsohuwar ta yi tsaki.

"Cin ƙasa? 'Ya'ya tara na haifa a gidan nan, babu wanda bai ci bangon soron nan ba. Isyaku sai da ya yi rami a kusurwar can kamar gafiya. Ga shi nan ƙato."

"Ƙasa suka ci, Hajiya," in ji Istifanus. "Wannan ni na shafa. Irin gubar da ta kashe yara a Zamfara ce."

Ana haka Isyaku ya shigo daga wajen mai shayi, burodi a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa, baki buɗe. Da ya ji zancen sai ya karɓi Nana ya rungume. Amma ɗan kasuwa ne, kansa ya saba neman tsakiya.

"Malam, tsaya. Abin da ka kankare ya tafi. Na sama fa? Nana ba ta kai can ba. A rufe soron, a shigar da ita ciki, mutanen nan su zo su ɗauki hotonsu. Ƙarfe ɗaya sai ka ƙarasa. Awa shida ne kawai. Shekara nawa kana jiran irin wannan rana?"

"Goma sha bakwai."

"To ka gani."

Istifanus ya sauke ƙyallen daga bakinsa. "Alhaji, na yi wannan tunanin tun daga gida har Ƙofar Mata. Amma in hoton nan ya fita, me mutane za su ce? Su ce a yi musu irin ruwan ɗorawar gidan Alhaji Isyaku. Duk mai zane a garin nan zai je neman garin fentin, ga shi da araha. Kowane soro kuwa akwai mai lasa."

"Sai a rubuta gargaɗi a ƙasa."

"Wa ke karanta ƙasan hoto?" Ya murza idonsa da bayan hannu. "Ba zan ɓoye maka ba, wata biyu ina roƙon Allah ya ɗaga sunana da aikin nan. Matata har azumi ta yi. Ni a yadda aka tarbiyyantar da ni, aiki a gaban Ubangiji ake yin sa, shi ne mai dubawa na farko, kafin mai gida, kafin mai kyamara. Jiya na tambayi kaina, in ya duba bangon nan me zai gani? Yarinya zai gani da baki ruwan ɗorawa. In na tsaya gaban wannan ina murmushi ana ɗauka, da wane baki zan yi addu'a gobe?"

"Ji wa'azi," in ji Hajiya. "Mu za ka koya wa tsoron Allah?"

"Ni wa, Hajiya? Kaina nake wa."

"Ni dai gidana ba zai ji kunya ba. Isyaku, karɓe ƙarfen nan."

Isyaku ya dubi uwarsa, ya dubi bango. Ya ɗaga ƙafa.

Shekara uku Sa'adiyya a gidan nan, ba ta taɓa ɗaga murya a gaban Hajiya ba. Ita kanta ba ta san lokacin da ta sha gaban mijinta ba.

"Abban Nana, in ruwan ɗorawa ya rage a bangon nan ko kamar farce ne, wallahi ni da 'yata ba za mu kwana a gidan nan ba. Hajiya, ki yafe mini. Masar a raba wa maƙwabta." Ta karɓe Nana daga hannunsa. "Samo mana adaidaita. Asibiti za mu yanzu."

Hajiya ta buɗe baki, ta dubi jikarta da ta kwantar da kai a kafaɗar uwa ba ko motsi, ta rufe. Isyaku ya ajiye burodin a kan dakali ya fita da sauri.

Istifanus ya ƙulla ɗan ɓarɓashi a leda biyu, ya miƙa mata. "Ki ba likita wannan. Ki ce gwajin dalma a jini kike so, kada su sallame ki da maganin zazzaɓi. Kayan da ta sa a makon nan ki wanke su daban."

Sai bayan la'asar suka dawo, an ɗebi jinin Nana an ce a jira kwana uku. Soron ya koma fari fat, sai tabon cokali. Istifanus yana wanke daɓe karo na uku. Hajiya na zaune a kan kujera 'yar tsuguno daga cikin gida, ita ta ba da labari.

"Sun zo, mota biyu. Wata mai tabarau ta kusa kuka. Ta ce ko a wayarsa yana da hoto ya ba su. Ya ce akwai, amma ba zai bayar ba. Ta ce to sunansa ba zai shiga ba. Ya ce ya sani." Ta girgiza kai. "Suka ci masata suka wuce Jakara, wai akwai wani soro can. Ni tunda nake ban taɓa ganin mutum ya kori arzikinsa da hannunsa haka ba." Ta ɗaga murya. "Kai Sitifanu, ka ci abinci kuwa?"

Kwana ukun nan Sa'adiyya ba ta sauke Nana daga jikinta ba sai don salla. Ran Alhamis likita ta juyo mata da takarda. Akwai dalma a jinin, ta wuce yadda ya kamata, amma ba ta kai ta kwanciya a asibiti ba. Ta rubuta mata abincin da za ta riƙa ba ta, ta ce a dawo bayan wata ɗaya a sake gwadawa.

"Da ta ƙara wata biyu tana lasa, da wani zancen muke," in ji likitar.

A barandar asibitin Sa'adiyya ta zauna. Isyaku ya kira Istifanus, ya sa wayar a fili. Ya gaya masa sakamakon.

"Na gode wa Allah," in ji Istifanus. "Na gode wa Allah."

"Kana ina ne?" in ji Isyaku.

"Gwale. Akwai gida biyu da na taɓa shafa wa ƙofa garin fentin nan. Ɗaya ya yarda na kankare. Ɗayan maigidan ya ce in ɓace masa da gani, wai so nake a sake ba ni aiki. Kuma na ga takalman yara a soron, Alhaji. Ni ba ni da hanyar shiga in gaya wa matan."

Sa'adiyya ta matso da bakinta kusa da wayar.

"Malam, wane layi ne?"

"Maman Nana, ba sai kin..."

"Wane layi? Kai ba ka shiga, ni ina shiga."

Ya kwatanta mata. Ta ninke takardar likita ta sa a jaka, ta gyara goyo, ta dubi mijinta.

"Abban Nana, ka ce wa mai adaidaita Gwale za mu fara biyawa."