Tabo a Kankanar Seitebaleng

Akwai ɓarawo, akwai maƙaryaci, akwai kuma wanda zai ga aibi a kayansa ya kife shi ƙasa, ya miƙa wa jama'a kyakkyawan gefen. Na ukun nan ya fi ɓarna, don ɓarawo gida ɗaya yake shiga. Gobuamang na ukun ne. Shingen ƙaya ɗaya ya raba gonata da tasa a bayan duwatsun Shoshong shekara talatin da 'yan kai, saboda haka ba a bakin wani na ji ba.

Matarsa Seitebaleng ce ke riƙe da irin kankanar nan mai jan ƙwaya, wadda ta gada a hannun uwarta, uwar kuma a hannun tata uwar. Cikin wata tukunyar ƙasa take ajiye irin, gauraye da toka, bakin tukunyar a liƙe da yumɓu. Gida tara ke zuwa ɗiba kafin ruwan fari, har da nawa. Ba a saye. Kowa ya zo da ƙoƙonsa ya ce, "Mma, mun zo roƙon iri," sannan ya cire hula ya gai da maigida. Da wannan Gobuamang, wanda bai taɓa tara saniya biyar ba, yake zama kusa da manya a kgotla, dandalin taron gari, idan ana shari'a.

Iri yana da ka'ida. Kankanar da za a ɗebi 'ya'yanta ba a yanka ta a ɓoye. Tsofaffin mata ke zuwa, su ɗaga ta, su juya, su shafa ko'ina. In an ga tabo, a tuge yaɗon dukansa har saiwa, a fita da shi bayan shinge a ƙone.

Shekarar da Seitebaleng ta kwanta, ta riga ta yi zaɓinta. Ta yagi bakin shuɗin zanenta ta ɗaura a wuyan wata babbar kankana. Ba ta ga nunarta ba.

Sati uku bayan binne ta, da rana tsaka, ina gyaran shinge na hango Gobuamang durƙushe gaban kankanar. A bayanta akwai tabo, duhun kore, kamar wanda ya jiƙa tafin hannu ya dafa. Ya goge da hula, tabon yana nan. Ya duba gabas ya duba yamma, bai duba ta cikin ƙaya ba. Sai ya zaro wuƙa ya fere wurin, ya watsar da ɓawon cikin yaɗo, ya fasa ta shi kaɗai ya kwashe 'ya'yan a hularsa.

Ban ce uffan ba. Na ce a raina mutum ne mai sabon rashi, a bar shi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kwana biyu bayan haka yayar marigayiya, Mma Otsile, ta zo da tsofaffi biyu don duba kankanar iri.

"Kun makara, Yaya," in ji shi. "Na fasa."

"Ka fasa? Kai da ko tuwon dawa ba ka iya tuƙawa, yaushe ka zama tsohuwa?"

"Ta nuna, ina tsoron ɓeraye. Ai ita ta zaɓa da hannunta. Za ki fi ta ido ne?"

"Lafiyarta ƙalau?"

"Kamar goshin jariri."

Mma Otsile ta gyara mayafin ulun da ke kafaɗarta ta juya. Shi kuwa ya shanya 'ya'yan, ya buɗe tukunya ya zuba su kan tsohon irin da matar ta bari na shekarun baya, ya sa hannu ya gauraya har ba mai iya rarrabewa. Da lokaci ya yi, gida tara suka zo da ƙoƙuna, aka cire masa hula kamar kullum.

Damina ta zo da ruwa irin wanda muka daɗe ba mu gani ba. Ruwa da safe, zafi da rana. Yabanya ta fito, amma ƙarƙashin ganyen farko akwai ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa mai. Wasu suka mutu, yawanci suka miƙe suka yi yaɗo suka rufe ƙasa, muka manta. Fure ya zo, 'ya'ya suka ɗauru, suka kai girman kan mutum.

Sai hannun ya dawo.

A gonarsa ya fara, kan kankana ɗaya, daidai inda ta bara ta kwanta. Kashegari uku. Bayan sati ba a ƙirgawa. Kowace da jiƙaƙƙen tabonta a baya, ko da rana ta take. Tabon ya faɗaɗa, ɓawo ya tsage, wata farar kumfa ta riƙa fitowa a hankali da 'yar ƙara kamar numfashin mai barci. Wari ya cika wurin, har jakuna suka ƙi bin hanyar gefen shinge.

Kowace safiya, raɓa ba ta bushe ba, Gobuamang yana cikin gona yana bi ɗaya bayan ɗaya yana juya masu tabo, tabon ya koma ƙasa. Ya ratsa jiƙaƙƙen ganye da ƙafa, ya taɓa mai ciwo ya taɓa mai lafiya. Wata safiya ya matso shinge, idonsa ya faɗa.

"Maƙwabci, ka auna tabon nan kuwa?"

"Wa ke auna tabo?"

"Na auna. Bai kai tafina ba. Nata ne. Tana bin bayana tana dafawa. Wadda na juya yau, gobe ta dafa ta ɗaya gefen."

"Je ka ci abinci, Rra," na ce, kamar yadda muke kiran magidanci a nan. Amma da na koma gonata na ga tabon a kan tawa, ban iya sa hannuna a kai ba. Na tsaya ina jin kamar akwai mai tsaye a bayana.

Da abin ya kai gida tara, Mma Otsile ta hau keken jaki ta ɗauko malamar gona, wata Onkabetse, 'yar siririya mai takalmin roba. Ba ta fara da kankana ba. Yaɗo ta tuge, ta tsaga shi a tsaye da reza, ta nuna mana wasu siraran hanyoyi a ciki.

"Ta nan ruwa ke hawa daga saiwa zuwa ganye," in ji ta. "Ƙwayar cutar ma ta nan take bi. Ido ba ya ganinta. Tana kwance a cikin iri, tana iya shekara tana barci a tukunya. Iri ya tsiro, ta farka tare da shi, ta bi jijiya tana hawa, ganye kuwa yana nan kore kamar ba komai. Ta kai ga fure, ta shiga ɗa, ta kwanta cikin sabon iri. Sauran aikin ruwan sama ke yi, da hannun mai taɓawa da raɓa."

"To ba mamaciya ba ce?" wani ya tambaya.

"Baba, ni mamata ba sashena ba ne. Abin da na sani, gona tara ba sa kamuwa rana ɗaya sai in daga tukunya ɗaya suka sha."

Duk muka juya muka kalli Gobuamang. Tafin hannu ba ya rufe rana. Ni na fara magana, shekara guda a makare, na faɗi abin da na gani ta cikin ƙaya. Bai musa ba.

"Ita ta ɗaura mata ƙyalle," in ji shi, murya ƙasa. "Ta ƙarshe ce. In ƙone ta, me zan ba mutane in sun zo?"

"Da ka ba su tsohon," in ji Mma Otsile. "Ai ta bar na shekara biyu a tukunya. Ɗauko shi, mijin ƙanwata. Mu yafe gonakin, a bar mana iri."

Bai tafi ɗaukowa ba.

"Gobuamang. Tsohon yana ina?"

"Na gauraya."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta tambayi malama ko ana iya tsincewa. Malama ta ce ƙwaya mai ciwo da mai lafiya kamarsu ɗaya, wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari. Mma Otsile ta shiga bukkarsa da kanta ta fito da tukunyar a ka, ta kai bayan shinge inda ake tara yaɗo. Shuɗin ƙyallen, wanda ya kwance daga kankanar, yana ɗaure a wuyan tukunyar. Ba ta kwance shi ba, da shi aka sa wuta.

Har yau in ruwa ya sauka da zafi, nakan ga Gobuamang ya fito gonar da ba komai sai dawa, yana sunkuyawa yana juya duwatsu. Ni ma ban ƙara shafa bayan kankana ba sai na fara dubawa.

Ga abin da ya tafi. Gonarsa biyu, ko kankana ɗaya ba ta hau keke ba. Gonakin gida tara, har da tawa. Damina uku da aka hana ƙasar ganin kankana. Irin mata uku, uwa da 'ya da jika, wanda ba a ƙara samun ƙwayarsa ko ɗaya a Shoshong ba. Kujerarsa a kgotla, yanzu a kututturen baya yake zama. Da ƙoƙo tara da suke zuwa ƙofarsa kowace shekara, babu wanda ya sake zuwa.