Tsohon da Ke Hawaye a Baranda

Ranar Talata ce a tsakiyar Yuli, ruwa kuma tun asuba yake zuba a Kolkata kamar an fasa tanki. Paromita Lahiri ta sauko daga bas ruwa na dukan idon sawunta, hannu ɗaya riƙe da laima, ɗayan rungume da takardunta da ta naɗe cikin leda biyu. Kafin ta kai ƙofar asibitin koyarwa, igiyar takalminta na hagu ta tsinke. Ta ɗaure ta da robar gashinta, ta ci gaba da jan ƙafa.

Intabiyun shiga digirin digirgir ya kawo ta, a sashen ilimin halayyar ɗan Adam, ɓangaren masu duba marasa lafiya. Gurbi biyu ne, masu nema goma sha ɗaya. Zuwanta na uku ke nan, kuma na ƙarshe, don sashen ba ya ɗaukar wanda ya cika talatin, ita kuwa a Satumba za ta cika. Wata uku ta yi tana haddace amsar tambayar da kowa ya ce sai an yi: me ya sa kika zaɓi wannan fanni? Har mahaifiyarta ta iya amsar, tana rera ta tana suyar kifi.

A barandar hawa na biyu ta tarar da sauran jere a kan benci, kowa na ƙoƙarin nuna shi hankalinsa kwance yake. Sougata, wanda suka yi aji ɗaya da shi, ya ci kwat da laktaye cikin wannan danshi. Ya matsa mata.

"Paro-di, iyo kika yi kika zo?" ya ce, yana kiranta yadda ake kiran yaya mace, wato Didi.

"Kai kuma ɗaurin auren wa za ka?"

"Bar wasa," ya ce ƙasa-ƙasa. "An fara fa. Dubi can."

A ƙarshen barandar wani tsoho ne zaune shi kaɗai, cikin farar riga da ta sha wanki, hawaye na bin kumatunsa. Ba ya shessheƙa, ba ya magana. In ya share, wasu su sake zubowa.

"Nasu ne," Sougata ya ce. "Bara ma an ce haka suka yi. Su ajiye ɗan wasa a waje, su ga wa zai kula shi. Ba ki ga kyamarar can ba?"

Ta ɗaga kai. Akwai kyamara kam, sai dai tantabara ta yi sheƙa a kanta.

Mutum huɗu sun riga sun gwada sa'arsu. Sougata ya gyara laktaye ya tafi na biyar. Ya zauna kusa da tsohon, ya karkata kai kamar yadda aka koya musu, ya tausasa murya.

"Na ga kamar kana ɗauke da abu mai nauyi a zuciya."

"Zuciyata lafiya lau," in ji tsohon. "Likita ya auna ta wancan watan."

"Ba laifi ba ne namiji ya yi kuka."

"Wa ke kuka?"

"Yaya kake ji da na faɗi haka?"

"Ina jin kana zaune a kan gefen rigata."

Sougata ya dawo yana gyaɗa kai. "Ƙwararre ne," ya ce. "Musu yake nunawa. Sun samo gwani."

Paromita ta duba jerin sunayen da ke hannun Bimal-da, masinjan sashen. Ita ce ta shida, yanzu ta huɗu ke ciki. In kowa ya je ita ba ta je ba, za a ce ba ta da tausayi. Ta miƙe, takalmin na fat-fat. Duk kalaman da ta koya suka gudu daga kanta, sanyi ya kore su.

"Kaku, wa kake jira?" ta ce, tana kiransa kawu da yarensu.

"Yawwa! Ga mai tambayar mutane." Ya juyo yana ƙifta ido, yana kallon gefen kunnenta. "Likitan ido nake jira, 'yata. Sun ɗiga mini magani, suka ce in zauna rabin awa. Na fita neman banɗaki, da na dawo sai na ga an canza benci, an cika wurin da yara masu son sanin ƙuruciyata. Ɗaya har ta tambaye ni ko mahaifiyata ta so ni."

Ta leƙa idanunsa. Baƙin idon ya buɗe ƙwarai. Ta ce a ranta, lallai sashen nan ba sa wasa, har magani suka ɗiga masa.

"Sashen ido yana wancan ginin, Kaku. Sai an tsallaka fili."

"To ni ko hannuna ban gani sosai."

Nan ne jarabawar, ta ce wa kanta. Ta kalli kyamarar, ta gyara tsayuwa, ta kama hannunsa.

Filin ya zama tafki. Ta riƙe masa laima, ita ruwa na dukan bayanta. Sunansa Nirmal Pal, tsohon direban jirgin ƙasa, kuma bai yi shiru ba ko sau ɗaya: ya zagi magudanan birnin, ya yabi kifin da matarsa ke dafawa da ganye, ya tambaye ta ko tana da miji. A tsakiyar filin robar ta saki, takalmin ya bi ruwa. Ta tsaya tana kallonsa yana tafiya abinsa kamar ɗan kwalekwale.

A sashen ido wata nas ta taso musu da faɗa. "Nirmal-babu! Sau uku ina kiran sunanka!" Ta duba katinsa na asibiti, ta ja shi ciki, laimar na hannunsa.

Paromita ta tsaya. Nas ɗin ma tasu ce? Har da kati mai hotonsa?

Da ta dawo, Bimal-da ya dube ta daga sama har ƙasa. "An kira ki, Didi. Sau biyu. Farfesa ta ce in kin ga dama ki shiga ƙarshe."

Ƙarfe biyu ta shiga, ƙafa ɗaya ba takalmi, zanen sarin da ta ɗaura na ɗiga a kan siminti. Mutum uku ne a bayan tebur. Ta tsakiya, Farfesa Sengupta, mai furfura da ƙaramin tabarau, tana cin gyaɗa daga cikin takarda.

"Ina kika je?"

"Na kai mutuminku sashen ido, Madam."

"Mutuminmu?"

"Tsohon da kuka ajiye a baranda. Na gwaji."

Farfesa ta dubi na damanta, ta dubi na hagunta. Na hagun ya fara dariya har tari ya sarƙe shi.

"Yarinya," Farfesa ta ce, "dubi fankar nan. Shekara biyu muna rubuta takarda a gyara ta. Mu ne za mu ɗauko ɗan wasa?"

Sai a lokacin Paromita ta gane kuskurenta. Ta ba su labarin duka, da hawayen, da maganin, da maganar ƙuruciya. Farfesa ta cire tabarau tana share ido.

"Su biyar, ba wanda ya tambaye shi abin da ya kawo shi?"

"Sun tambaye shi yadda yake ji."

"To ke. Da kin san ba namu ba ne, za ki kai shi?"

Amsa mai kyau tana nan a bakinta, a shirye. Ta dubi ƙafarta.

"Ban sani ba, Madam. Ina jin da na nuna masa ginin da yatsa, na dawo na zauna."

"Mutumin da ba ya gani."

"Shi ne."

Farfesa ta rubuta wani abu gajere. Daga nan suka shiga binciken da take son yi a kan matan da ke jinyar iyayensu a gida, suka yi minti ashirin suna ja mata shi ta kowane gefe. Ba wanda ya tambaye ta me ya sa ta zaɓi fannin.

Ƙarfe huɗu da rabi Bimal-da ya fito da takarda ya manna a allo. Sougata ya riga kowa isa. Ya karanta, ya sake karantawa, ya sassauta laktaye.

"Ke ce ta biyu, Paro-di. Ni ina jerin jira. Amma ki faɗa mini gaskiya. Nasu ne, ko?"

"Nasu ne mana," ta ce. "Har nas suka ɗauka."

"Na faɗa!"

A bakin ƙofa ta sayi shayi a ɗan kofin ƙasa, ta kira mahaifiyarta tana tsaye a ƙafa ɗaya. Bayan ihun murna ya lafa, uwar ta tambaya ko ta dawo da komai lafiya.

Paromita ta lissafa mata: takalmi ɗaya, robar gashi ɗaya, laimar Baba mai kan katako, da amsar nan ta wata uku da ba wanda ya nema.