Katangar Goggo Zaliha

"Ƙara ruwa kaɗan," in ji Goggo Zaliha. "Ba tuwo kike tuƙawa ba."

Khairiyya ta karkata bokiti a kan ƙasar da take tattakawa. Taɓo ya kai mata idon sawu, ƙaiƙayin da suka zuba yana tsikarinta a tsakanin yatsu. Tsohuwar na zaune kan turmin da aka kife, ta ci ɗamara da tsohon ɗankwali, idonta na kan katangar da ta raba gidanta da wanda Khairiyya da mijinta Ghali suke haya. Tun ambaliyar bara katangar ta tsage, gindinta ya zaizaye, ta ɗan karkata wajen ɗakin da yaran Khairiyya ke kwana. Ga babbar Sallah ta matso, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas.

Mai gidan hayar ya ce sai bayan Sallah. Taufiq, ɗan farin Goggo, wanda magini ne a can Lamaji inda sababbin gidaje ke tashi, shi ma ya ce sai bayan Sallah, zai zo da siminti. Goggo ba ta jira shi ba. Ta dai shigo wajen Khairiyya da hantsi, ta tambaye ta me ta tanada wa Sallah.

"Atamfa, Goggo. Da sabon labule, da ledar tsakar ɗaki."

"Bar su. Sallah za ta wuce, ruwan sama kuwa ba ya duba atamfa. Ki kawo kuɗinki, in kawo nawa, mu sa a kawo mana ƙasa a amalanke. Labule ni zan yi miki."

Khairiyya ba ta so ba. Daga Haɗeja aka kawo ta Injamena, kuma a gidansu mace ba ta fita Sallah da tsohon zani. Amma da ta koma ta dubi tsagar, ta ga hasken rana yana ratsowa ta ciki, sai ta yarda. Washegari Goggo ta kawo mata labule da ta harhaɗa daga zannuwanta da suka koɗe, ɗinkin hannu, ƙanana kamar na keke.

A unguwar Sabangali, nan Injamena, aka haifi Goggo. Kakanninta sun taso daga Katsina a ƙasa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Shari, suka zauna. Hausarta gauraye take da Larabcin gari. Ba ta taɓa kiran ma'aikaci don abin da hannunta zai iya ba: ita ke toshe ɓular kwano da kwalta, ita ke shafe ɗakinta da farar ƙasa duk shekara.

Da ƙasar ta kwaɓu, Goggo ta tashi. Ta fara cika gindin katangar, tana danƙara taɓo tana dannawa da dunduniyar hannu, Khairiyya na miƙo mata a tsohon kwano. Suka yi ranar, suka yi ta biyu. A ta uku, aiki ya wuce rabi, Goggo ta jefa curi ɗaya bai kama ba, ya zame ya faɗi. Ta dube shi a ƙasa. Sannan ta koma kan turmin ta zauna, tana numfashi da baki.

"Kalas," ta ce. "Na yau ya isa."

Sai a lokacin Khairiyya ta lura ƙafafun Goggo sun kumbura har silifas ya yi shata a kansu.

"Goggo, tun yaushe ƙafarki take haka?"

"Tsufa ne. Rufe ƙasar nan da buhu kada ta bushe."

Washegari ba a ji sharar Goggo ba. Khairiyya ta zaga ta ƙofa ta same ta kwance a tabarma, kunun da aka dama mata tun safe ya yi fata a kofi. Ta sa Ghali ya kira Taufiq. Taufiq ya zo da ƙurar siminti a gira, ya ɗauki uwar a mota sai asibiti, wanda Goggo ke kira labtan. Likita ya ce zuciya ce, ta daɗe, a kwantar da ita. Goggo ta ce ba za ta yi Sallah a gadon ƙarfe ba. Da la'asar suka dawo da ledar magani.

Khairiyya ta riƙa shigowa da farfesu da kunu, tana goge mata jiki, tana share ɗakin. Goggo ba ta cika magana ba. In ta buɗe ido sai ta tambayi abu ɗaya.

"An yi ruwa?"

"Ba a yi ba, Goggo."

"Wancan gefen ne mai hatsarin. Inda yaranki suke. Ki faɗa wa maginin nan." Ba ta kama sunan ɗan fari.

"Zan faɗa masa. Ki sha ko kaɗan ne."

Ta kurɓa sau biyu ta kau da kai.

Ranar Arfa da walaha, Khairiyya na tankaɗe a tsakar gida, ta ji Sharifa matar Taufiq ta ja salati ta bayan katanga. Ta ajiye rariya, ta karkaɗe zani, ta zaga. Goggo ta cika, an riga an rufe mata ido. Kafin azahar mata sun cika gidan, wasu daga unguwar Waliya sun ƙetaro gada, ana gaisuwa rabi Hausa rabi Larabci. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar katangar. Wata tsohuwa ta jingina, ta shafa sabon yaɓen, ta ce da ganin wannan aikin Zaliha ne. Da la'asar maza suka ɗauki Goggo zuwa maƙabarta.

Khairiyya ba ta faɗa wa Taufiq saƙon ba. Tana tsoron ya dubi katangar ya dube ta, ya ce ita ta bar tsohuwa da aikin ƙarti. Ranar ta kwantar da yara a ɗakinta.

Da safe aka sauko daga Idi, aka yi yanka, hayaƙin babbaka ya cika layin. Khairiyya ta ɗaura atamfarta ta bara, ta kai musu abinci gidan makoki. Ta tarar da Taufiq tsaye shi kaɗai a gaban katangar, da babbar rigarsa, yana duban inda yaɓen ya tsaya.

"Ita ta yi wannan?"

"Ni da ita. Na so in hana ta."

"Ba ta hanuwa," ya ce. "Ko likita bai iya ba."

Khairiyya ta ajiye kwanon. "Ta ce in faɗa maka wancan gefen ne mai hatsarin."

Ya matsa, ya sa yatsa a tsagar, ƙasa ta zubo. Ya ɗaga kai ya dubi sama. Gabas ta yi duhu, iska ta fara kaɗa ganyen darbejiya.

"Akwai sauran ƙasa?"

"Tana gidanmu."

Ya tuɓe babbar rigar ya miƙa wa Sharifa, ya naɗe wando. Ghali ya bar naman da yake gyarawa, ya zo ya tattaka ƙasar. Taufiq bai aika a ɗauko cokalin gini ba, da hannu ya yi. Masu zuwa gaisuwa suna shigowa, su tarar da ɗan mamaciya da taɓo har gwiwar hannu, su yi masa ta'aziyya a tsaye, ya amsa, ya ci gaba. Babu wanda ya ce masa ya bari.

Ya gama ana kiran la'asar. Ya wanke hannu a bakin rariya, ya karɓi rigarsa, ya fita wajen maza. Hadarin ya bi ta kudu, bai zubar ba.

Khairiyya ta tsaya kwashe kwanuka. Katangar ta miƙe daga wannan kusurwa zuwa waccan, kala biyu: na uwar ya bushe ya yi haske, na ɗan yana nan ɗanye, ja-jawur. Wata kaza ta zo gindinsa tana tsintar ƙaiƙayi.