Allurar da Ta Daskare

"Wa ya saka wannan cikin ƙanƙara?" in ji Emilia, nas ɗin unguwa, tana ɗaga 'yar kwalbar allura wajen hasken taga. Ruwan ciki ya daskare.

Kubra na tsaye bakin ƙofa. "Ni ce, Sista. Ai kin ce wuri mai sanyi."

"Sanyi na ce, Maman Irfan, ban ce ƙanƙara ba. Wannan in ta daskare ta tashi aiki. Duka kika saka?"

Kubra ta gyaɗa kai.

Allurar ta maƙwabcinta ce, Bartholomew, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Likita a Jos ya ce cuta biyu ke cin sa: ƙanjamau, wadda ba a ma zancen maganinta, da ciwon hanta nau'in C, wanda allura kan iya sassautawa. Ƙanensa ya sayar da gonar citta ya aiko da allurar daga Legas. Firji ɗaya ne a layin, mai kananzir, na Kubra mai zoɓo. Ta karɓi ajiyar ba musu. Sai dai ta san ranar da masu saye suka hango maganin Bartholomew kusa da abin shansu, kasuwarta ta watse. Shi ya sa ta tura kwalin can ƙarƙashin ƙullin ƙanƙara.

Daga kan gado Bartholomew ya yi magana da Hausarsa ta 'yan Kwoi, wadda ba ta raba namiji da mace. "Ƙyale Maman Irfan, Sista. Layin nan duka, shi kaɗai ya ce kawo."

Da Emilia ta fita, Kubra ta durƙusa. "Baba Bato, ba don sanyi na tura ta can ba. Ɓoyewa na yi."

Ya kalli rufi. "Na sani. Mata na ma ya ɓoye, har yau ban gan shi ba." Ya yi 'yar dariya, tari ya tare ta. "Je ka kawo mini zoɓo. Shi kam a cika ƙanƙara."

Ba wata gonar da za a sayar. Idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura. Kullum bayan la'asar Kubra takan shiga da kunu, ta zauna ta yi ta ba shi labarin kasuwa, ko ya amsa ko bai amsa ba. Sau biyu ta tambayi Emilia ko allurar za ta tashe shi da ba ta daskare ba. Emilia ta ce Allah kaɗai ya sani.

Ya cika da hantsin wata Talata, tsakiyar damina.

Coci ta aiko da benci takwas, aka jera a ƙofar gida. Fasto ya zo, da Emilia, da tsofaffi mata uku. Suka ɗauki waƙa a hankali. Kubra ba ta san baitin ba. Ta ja mayafinta ta zauna a bencin ƙarshe, yayyafi na sauka a kan katakon da ke gefenta.