Ɗan Bodinga Ya Miƙa Alli da Hagu

Safinatu ta sake danna wayarta, hannun daman mutum-mutumin ya yi ɗan gurnani ya ƙi ɗagawa. Tun Bodinga take rungume da shi a mota kamar jinjiri, amma ramin da direba ya faɗa daf da Shagari ya kashe injin kafaɗar. Ga shi Malam Muhammad Sani ya fito, 'yan matan Islamiyyarsa sun cika tabarmi.

Safinatu malamar kimiyya ce. Wata bakwai ta yi tana haɗa abin da bututun roba da injinan tsohuwar firinta, tsawonsa bai wuce ƙugunta ba, ta raɗa masa Ɗan Bodinga. So take Malam ya ba ta ranar Asabar ta riƙa koya wa 'yan matan nan haɗa irinsa. Shi kuwa dattijon bai san lallami ba. Ya ce sai ya gani da idonsa, kuma sau ɗaya zai gani.

Cikin ruɗewa ta mayar da aikin zuwa ɗaya hannun, ba ta tsaya tunani ba. Ɗan Bodinga ya tako tinƙis-tinƙis, ya yi sallama, yara suka amsa da shewa. Sai ya ɗauki alli ya miƙa wa Malam da hagu.

Safinatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Malam bai karɓa ba.

"Malama," in ji shi, "wa ya koya ma wanga yaro miƙa ma manya abu da hauni?"

Ta durƙusa. "Allah shi gafarta Malam, laihina na. Hannun dama na koya mai, ga hanya munka faɗa rami ya lalace."

"Karaya ke nan?"

"Kusan haka, Allah shi gafarta Malam."

Ya sunkuyo, ya ɗaga hannun ya sake shi, hannun ya koma laƙwas. Ya jima yana kallon wayoyin da ke leƙowa ta kafaɗar. Sannan ya zaro farin ƙyallen da ke wuyansa, ya naɗe hannun, ya rataye shi a wuyan Ɗan Bodinga, ya ƙulle tsaf yadda maɗora ke yi.

"Ku duba da kyau," ya ce wa ɗalibansa. "Mai karaya na da uzuri. Ku da hannuwanku ke lahiya lau, wadda duk ta gwada min haka, ta sani."

Ya sa hannu biyu ya karɓi allin. 'Yan mata suka tuntsire da dariya, har masu ɓoye fuska cikin hijabi. Safinatu ta sunkuyar da kai. Ba ta taɓa jin wani ya rufa mata asiri a gaban jama'a kamar yau ba.

Ta fara naɗe wayar caji, ba ta da ƙarfin halin tambayar zancen Asabar. Da ta kai hannu za ta kwance ƙyallen ta mayar masa, Malam ya dakatar da ita.

"Bar shi nan. Ba a kwance ɗori ranar da anka yi shi. Ki kawo shi Asabar, ɗiyan ga su kwance, ki gwada musu yadda a ka gyaran kahwaɗa."